Ranar da Na Karɓe Makullin Gidana

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara koyon karatun boko. Kafin nan na yi sama da shekara ashirin ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Agadas da Bilma, in kai gero da sukari da ganyen shayi, in dawo da gishiri da dabino. Duk takardar da jandarma ya miƙo mini a hanya, sai dai in dangwala yatsa ban san abin da ke ciki ba. Wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci. Muna zama bayan la'asar a wani ɗaki na lakkol, makarantar boko ta unguwarmu, in yara sun tashi, mu goma sha huɗu a kan kujerunsu ƙanana, gwiwoyinmu suna tokarar tabur. Malamarmu Madam muke ce mata, ko da yake na haife ta a shekaru. Ni ne mafi jinkiri a ajin, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Na saba yini guda ina haƙe rairayi a ƙarƙashin mota, don haka in harafi ya ƙi ni, zama nake yi da shi har ya yarda.

Akwai wata al'ada tsakaninmu masu doguwar tafiya, kuma sai na faɗe ta kafin a gane abin da ya same ni. In mutum zai yi mako uku ko huɗu a hanya, yakan ɗauki makullin ƙofar gidansa ya danƙa wa amininsa a gaban shaidu biyu, a shafa Fatiha. Daga ranar, amini ne uban gidan. Shi ke leƙowa da safe ya tambayi lafiya, shi ke kai yaro likita in zazzaɓi ya tashi, kuma ba a tsayar da shi a zaure. Ba a karɓe makullin sai an dawo daga tafiya. Wanda ya karɓe kafin ya tafi, ya faɗa wa duniya ke nan cewa bai yarda da mutumin ba. A rayuwata ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba.

Aminina tare muka tashi a lungu ɗaya. Yana da butik kusa da kasuwa, yana sayar da dabino da alewa da kayan shayi. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya rasa sahun farko a masallaci. Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwon ajali ina Bilma, shi ya yi jinyarsa, shi ya yi masa wanka. Yara suna sonsa, kullum akwai biyu ko uku a bakin butik ɗinsa.

Shekara tara kafin abin da zan ba da labari, an yi wata magana a kansa. Wani mutum da ke aiki a wurin haƙar kwal na Tchirozérine ya kama haya a lungunmu, ya ajiye iyalinsa. Wata rana ya zo wurin mai unguwa, ya ce ɗansa mai shekara bakwai ya faɗa masa aminina ya yi masa abin da bai kamata ba. Muka zauna a zauren mai unguwa, mu biyar. Aminina ya yi kuka, bai musa duka ba, bai amsa duka ba, ya ce Shaiɗan ne, ya rantse ba za a ƙara jin haka ba. A lokacin shekara huɗu ke nan da rabuwarsa da matarsa. Ni ne na fara magana. Na ce gwauranci ne ya yi masa yawa, a yi masa aure zai warke. Kowa ya ji daɗin maganar, don ta ba mu hanyar tashi daga zaman. Aka lallashi uban yaron, aka ce ya rufa wa ɗansa asiri. Aka karɓo wa aminina rubutu ya sha. Ni da kaina na nemo masa wata bazawara, aka ɗaura aure kafin wata ya ƙare. Mutumin Tchirozérine ya kwashe iyalinsa bai yi wa kowa sallama ba. Mu kuwa muka ce an yi magani, kuma da gaske na yarda an yi. Tun daga nan duk tafiyar da zan yi, shi nake ba makullina, har ina jin wani irin daɗi cewa ban yar da shi ba lokacin da ya faɗi.

A makon da nake magana, ranar Laraba zan tashi zuwa Bilma. Ranar Juma'ar da ta wuce na ba shi makulli bayan masallaci, a gaban wani maƙeri maƙwabcinmu da wani shofer abokin aikina. A gida zan bar matata da ɗiyarmu mai shekara goma da ɗanmu mai shekara takwas.

Ranar Litinin na je aji. Madam tana da wata ɗabi'a, sau ɗaya a wata takan gayyato ma'aikacin lafiya ya zo da takarda a rubuce da Hausa, mu karanta layi-layi, kowa da nasa, sannan ya yi bayani. Mun yi ta zazzaɓin sauro, mun yi ta harbin kunama. Ran nan wani majo ne ya zo, babban ma'aikacin jinya daga ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa, dogo mai furfura a gemu. Ya ɗauki alli ya rubuta wata kalmar Faransanci a allo, sannan ya sake rubuta ta yadda za mu iya furtawa: pedofili.

Akwai wani mahauci a ajinmu da ba ya barin magana ta wuce shi. Ya ce, “Majo, wannan allura ce ko ƙwaya?”

Aka yi dariya. Majo bai yi ba. Ya ce sunan wani hali ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sa a cikin jerin cututtuka. Ya ce ana kiran haka ga babban mutum wanda sha'awarsa ta karkata ga yaran da ba su balaga ba, kuma ba abin rana ɗaya ba, abu ne da ke daɗewa yana dawowa, har ya dami mai shi ko ya kai shi ga aikatawa.

Wata dattijuwa mai sayar da fura, wadda duk muke ce wa Inna, ta gyara mayafi ta ce, “Wato mahaukaci ne.”

“A'a, Inna,” in ji majo. “Ba hauka ba ne. Yana ciniki, yana salla, ya san daidai ya san ba daidai ba. Shi ya sa yake ɓoyewa.”

Mahauci ya ce, “Ku dai likitoci kun samo wa ɗan iska suna mai daɗi, don a ce ba laifinsa ba ne.”

Majo ya ajiye allin. Ya ce, “Malam, ka saurare ni da kyau, don nan ne mutane ke ruɗewa. Abu biyu ne. Akwai halin da ke cikin mutum, akwai abin da ya aikata. Wanda yake jin wannan a ransa bai taɓa yaro ba, mara lafiya ne, ya zo mu taimake shi ya riƙe kansa. Wanda ya taɓa yaro, wannan sunansa cin zarafin yaro, laifi ne, maganar alƙali ce, ko yana da ciwon ko ba shi da shi. Don akwai masu cutar yara da ba su da wannan ciwon ma. Sunan da na rubuta ba ya wanke kowa. An sa shi ne don mu san abin da muke tsare yaranmu daga gare shi.”

Har zuwa nan ina saurare ne kamar yadda na saurari maganar kunama. Na tuna zaman zauren mai unguwa, amma a raina na ce Alhamdu lillahi namu an yi masa magani tun tuni.

Madam ta raba takardu, aka fara karatu daga dama. Ni ne na tara, don haka na ƙirga layuka na sa yatsa a kan na tara tun kafin a zo kaina, kamar yadda na saba, don in fara haɗa haruffan a zuci. Gajeren layi ne. Na haɗa kalmar farko, na haɗa ta biyu. Da na kai ƙarshe sai na koma farko, don na ɗauka na yi kuskure. Na sake haɗawa. Abin da na gani da farko shi na sake gani.

Madam ta ce, “Baba, kai ne.”

Na ci gaba da kallon layin. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ɗora bik ɗinta na rubutu a ƙarƙashin harafin farko, tana tsammani haruffan ne suka ƙi ni. Ta ce, “A hankali, Baba. Wannan ka san shi.”

Na karanta da ƙarfi, kowa yana ji: “Yin aure ba ya kawar da wannan hali.”

“Madalla,” in ji Madam. “Ko gargada babu.”

Na goma ya fara nasa layin. Ni kuwa ban jira ya gama ba. Na ɗaga hannu kamar yaro. Na ce, “Majo, ko an yi masa aure ya zauna shekara tara lafiya?”

Ya dube ni. Ya ce, “Da yawansu suna da mata da ƴaƴa, Malam. Ba rashin mace ne ya kawo abin ba, don haka samun mace ba ya kai shi. Kuma da ka ce lafiya, wa ya faɗa maka? Yaro in ya ga an yi magana sau ɗaya manya sun rufe, wani yaron ba zai ƙara buɗe baki ba.”

Na ce, “To ba ya warkewa ke nan?”

Ya ce, “Ana taimaka masa ya mallaki kansa, wasu suna iyawa har ƙarshen rayuwarsu. Amma wanda aka taɓa samu da laifin, ba a barinsa shi kaɗai da yara. Ko ya tuba, ko ya yi rantsuwa. Wannan kariya ce gare su, kariya ce gare shi.”

Ban ji sauran karatun ba. Abin da nake gani kawai shi ne makullina, da igiyar fata ja da ke jikinsa, yana shiga aljihun aminina ranar Juma'a, ni kuma ina shafa Fatiha ina murmushi. Na yi ƙoƙarin ƙirga sau nawa na yi haka a shekara tara, lissafin ya ɓace mini.

Da aka tashi na tsaya wurin majo a bakin ƙofa. Ban faɗi sunan kowa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ce kada in shiga gida da tsawa, kada in tsare yara da tambaya kamar masu laifi. Ya ce uwarsu ta tambaye su a hankali, suna cikin wani aiki, kuma duk abin da suka faɗa a yarda da su a gaya musu ba laifinsu ba ne. In akwai wani abu, in kawo su wurinsa, zai nuna mini inda ake kai ƙara.

Na isa gida rana ba ta faɗi ba. Matata tana tankaɗe a tsakar gida, yara sun tafi makarantar allo. Na zauna a kan turmi na karanta mata layin. Na ɗauka za ta firgita. Ta ci gaba da tankaɗe.

Ta ce, “Tafiyarka ta baya, sau uku amininka yana cewa in turo masa yaron nan da azahar ya taya shi tsince dabino a ɗakin bayan butik. Na ce yana tari. Ya sake aikowa na ce tarin bai sake shi ba.”

Na ce, “Tari yake yi?”

“Lafiyarsa lau.”

Na ce, “Me ya hana ki faɗa mini?”

Sai a nan ta ajiye rariyar ta dube ni. Ta ce, “Malam, kai ka nemo masa mata. Kai ka ce ya warke. A gaban shaidu kake ba shi makulli, ka shigo ka ce mini ga uban gida nan. In ce maka me? In ce zuciyata ba ta kwanta ba? Da ka ce zargin mata ne.”

Gaskiya ta faɗa, abin da zan ce ke nan. Shekara tara wannan baiwar Allah tana tsaye tsakanin ƴaƴana da mutumin da ni na buɗe wa ƙofa, tana ƙirƙiro tari da ciwon ciki, ni ina can cikin rairayi hankalina kwance.

Washegari da safe ta zauna da yaran suna ɓarar gyaɗa, ni ina zaure ina jiran abin da ban san ko zan iya ɗauka ba. Da ta fito ta ce Allah ya tsare, babu wanda ya taɓa su. Amma ɗanmu ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙaramin agogon hannu da ya ɓoye a cikin tsohon takalmi. Aminina ne ya ba shi, ya ce masa sirrinsu ne su biyu, kada ya nuna wa innarsa. Na riƙe agogon a hannuna. Ɗan abu ne na roba, mara nauyi.

Na je na kira maƙerin nan maƙwabcinmu, na ce ya raka ni, tun da a gabansa aka ba da makulli. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce zai ji. Muka tarar da aminina yana hura gawayin shayi a bakin butik. Ya yi mana shimfiɗa da fara'a.

Ya ce, “Sallama ka zo yi tun yau? Ai sai gobe.”

Na ce, “Makullina na zo karɓa.”

“Ka fasa tafiyar?”

“Ban fasa ba.”

Maƙeri ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Aminina ya ci gaba da fifita gawayin da ya riga ya kama. Na ciro agogon na ajiye a gabansa. Sannan na ciro takardar aji, na buɗe, na karanta masa layi na tara, a hankali, yatsana a ƙarƙashin kowace kalma.

Ya yi wata ƴar dariya mara daɗi. Ya ce, “Ka iya karatu jiya, yau ka fara da ni.”

Na ce, “Da kaina na fara. Ni na ce aure zai yi maka magani, ban sani ba na faɗa. Na cuci yaron mutane, kai ma ban taimake ka ba.”

“Ni na yi wa mahaifinka wanka.”

“Ban manta ba. Shi ya sa na zo da ƙafata ban aiko ba. Akwai majo a gidan likita, aikinsa ke nan. In ka yarda yanzu ma sai in raka ka, ba wanda zai ji daga bakina cewa can muka je. Amma gidana ba za ka ƙara shiga ba, kuma ba zan yi shiru in ga yaran lungu suna shiga ɗakin bayan nan ba.”

Ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse. Na ce ya riga ya rantse shekara tara da suka wuce, ina wurin. Daga baya ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin. Bai miƙo mini ba, a kan tabarma ya ajiye kusa da agogon. Na ɗauki makullin na bar masa agogonsa. Shayin ya tafasa ya zube a kan gawayi, ba wanda ya sauke.

A hanyar komawa maƙeri ya ce, “Wallahi na ɗauka maganar nan ta mutu.” Na ce ni ma haka na ɗauka.

Na biya wurin mai unguwa na faɗa masa. Ransa bai so ba, ya ce ina tono abin da manya suka binne. Na ce ina cikin waɗanda suka binne, kuma ban san abin da nake yi ba. Bai ba ni goyon baya ba, bai kuma hana ni ba. Matata ta shiga gidajen lungu ta yi magana da iyaye mata ta yadda suke yi tsakaninsu. Kafin mako ya zagayo bakin butik ya zama ba yaro ko ɗaya. Aminina bai je wurin majo ba a iya sanina. Yanzu in mun haɗu a masallaci yakan sauya sahu. Ina jin zafin haka, ba zan ɓoye ba, don shekara arba'in ba wasa ba ce.

Bayan na dawo daga waccan tafiyar, na nemi inda mutumin Tchirozérine yake, na rubuta masa wasiƙa, ta farko a rayuwata. Kwana huɗu na yi a kan layi biyar. Na ce ɗansa gaskiya ya faɗa, mu muka yi kuskure, kuma in yana son kai magana gaban hukuma zan tsaya in faɗi abin da na ji a zauren. Har yau bai amsa ba, kuma ba na ganin laifinsa.

Amma a ranar Talatar nan, abin da ke gabana shi ne gobe tafiya, ga makulli a hannuna, ba wanda zan ba. Na yi tunanin ƙanena, na yi tunanin maƙeri. Da na shiga gida na ga matata tana shanya kayan yara, sai na ga ba ni da wani dogon tunani da zan yi. Na kira maƙeri da shofer abokin aikina suka tsaya a zaure, na miƙa mata makullin a gabansu, muka shafa Fatiha. Shofer ya kasa haƙuri, ya ce tun da yake bai taɓa ganin an ba mace makulli da shaidu ba, za a yi mini dariya a tasha. An kuwa yi, har Bilma labarin ya riga ni isa.

Ta karɓa ta ɗaure igiyar a gefen zaninta. Abin da ta ce kawai shi ne, “Allah ya kiyaye hanya, Malam.”

Na yi kwana ashirin da uku. Da na dawo da hantsi, na tarar da ƙofar a rufe, na tsaya a waje da jakata na ƙwanƙwasa kamar baƙo. Na ji gudun ƙafar ɗana ya zo bayan ƙofa, ya tsaya, bai buɗe ba. Ya ce, “Wane ne?” Na faɗa masa. Ya ce in jira ya kira Inna, makulli yana wurinta.